Darasi na 9: Shirya Shafin Intanet na Makaranta Kafin a Taɓa Kwamfuta

Kowace makarantar boko a ƙasar Kurfai tana da hanyoyin da take isar da saƙo tun kafin a san intanet. Darakta yakan rubuta ƴar takarda ya ba yara su kai gida. Mai gari yakan sa a yi shela. Liman yakan faɗa bayan sallar Juma'a, ranar kasuwa kuma labari ya bi mutanen ƙauyuka har gidajensu. Hanyoyin nan suna aiki, ba kuwa wanda ya ce a bar su. Sai dai iyakarsu inda ƙafa da murya suka tsaya. Ɗan Sanam da ke neman na kansa a Yamai, ko Kwatano, ko Legas, ko Abijan, wanda shi ne ke aiko da kuɗin littafi da na takalmin yara, ba ya jin mai shela. Ma'aikacin ƙungiyar agaji da ke ofis yana neman makarantar da ta fi buƙatar tebura, shi ma ba ya sallar Juma'a a garinku. Irin waɗannan mutane ne shafin intanet zai iya kai wa labarin makaranta.

A darasin yau ba za mu kunna kwamfuta ba. Kayan aikinmu takarda ne da alƙalami da tabarmar da kwamitin makaranta zai zauna a kai. Haɗa shafin kansa aikin yini ɗaya ko biyu ne ga wanda ya iya. Abin da ke sa shafi ya rayu ko ya mutu ana yanke shi ne tun a zaman shawara, kuma duk wanda ya san makarantar da mutanen garin yana da bakin magana a wannan zama, ko da bai taɓa riƙe babbar waya ba.

Mene ne shafin intanet

Shafin intanet tarin rubutu ne da hotuna, wani lokaci har da murya, da aka ajiye cikin wata kwamfuta wadda ba a kashe ta dare da rana. Duk wanda ya rubuta adireshin shafin a wayarsa, wayar za ta nemo waccan kwamfuta ta karɓo masa kwafi. Wani Baturen Ingila mai suna Tim Berners-Lee ne ya kawo wannan dabara a shekarar 1989, yana aiki a cibiyar binciken kimiyya ta CERN kusa da birnin Janiba. Shafin farko da jama'a suka fara gani a 1991 rubutu ne zalla, babu hoto ko ɗaya, kuma har yau ana iya buɗe shi. Ku riƙe wannan, domin za mu ga cewa irin wannan sauƙi shi ya fi dacewa da mu.

Abu biyu shafi yake buƙata, kamar yadda ɗan kasuwa yake buƙatar rumfar da zai baje kayansa da kuma sunan da za a tambaya a same shi. Rumfar ita ce masauki, wato wurin da ake ajiye rubutun da hotunan. Sunan shi ne adireshi. Adireshin da ya ƙare da .ne na Nijar ne, .ng na Najeriya, .com kuma na kowa. Dukansu biyu haya ake yi, ba saye ba. Ranar da aka daina biya ana iya ba wani sunan.

Wa zai buɗe shi

Wannan ita ce tambayar farko, kuma a kanta ya kamata kwamiti ya fi daɗewa. A ƙidayar 2012 ƙaramar hukumar Sanam tana da mutum fiye da 68,000, warwatse cikin ƙauyuka da tungaye da rugage. A Nijar gaba ɗaya, manyan da suka iya karatu da rubutu ba su kai huɗu cikin goma ba, masu shiga intanet kuwa ba su wuce ɗaya cikin huɗu ba, kuma akasarinsu a birane suke. To, a ƙauyen da ake hawa tudu kafin a samu rezo, a kuma biya kuɗi wajen mai sola kafin a caza waya, uwaye nawa ne za su rubuta adireshi su karanta shafi? Kaɗan ne ƙwarai. Kwamitin da ya rufe ido ga wannan zai kashe kuɗi ya gina abin da babu mai leƙawa.

Ga misalin irin maganar da za ku iya ji a zaman. Shugabar uwayen ɗalibai ta dubi darakta ta ce, "Mushe, ni ban iya karatu ba, wayata ma ƴar ƙarama ce. Wannan abin naku me zai tsinana mini?" Amsar gaskiya ita ce, "Inna, ke kam saƙonki zai ci gaba da zuwa ta bakin jikokinki da ta mai shela. Amma ɗanki da ke Abijan zai ga cewa aji biyu har yanzu na zana ne, zai ga abin da aka tara bara da inda aka kashe shi. In ya turo kuɗi, ya san inda suka shiga." Idan darakta ba shi da amsa irin wannan ga Inna, lokacin yin shafin bai yi ba.

Saboda haka ku zauna ku jera masu karatunku da sunan rukuninsu, ku sa su bisa tsari, wanda ya fi muhimmanci a sama. A yawancin makarantun yankinmu ƴan ci-rani da tsofaffin ɗalibai ne za su hau sama. Su ke da manyan wayoyi da rezo mai ƙarfi, su ke da ɗan abin taimako, kuma su ne suka fi ƙishin labarin gida. Bayansu sai ofishin sufeton ilimi da na magajin gari da ƙungiyoyin da ke tallafa wa makarantu. Sai sabon malamin da aka turo garin, wanda yake son sanin inda za shi. Uwayen da ke cikin gari su ne na ƙarshe a jerin masu buɗe shafi, ko da yake su ne na farko a jerin masu makarantar. Hanyar da shafin zai isa gare su ita ce ta hannun wani: matashi ɗaya ya buɗe ya karanta wa mutum goma a majalisa, ko a ɗauki sanarwar da murya a tura ta WhatsApp.

Wani zai ce to me ya sa ba za a tsaya a WhatsApp ɗin ko Facebook ba, tun da su mutane suka saba da su? Tambaya ce mai kyau. A zauren WhatsApp saƙon yau yana binne na jiya. Bayan wata uku babu mai iya tono lissafin kuɗin da aka turo, ga gaisuwar Juma'a da hotunan biki sun rufe shi. Shafi kuwa yana ajiye abu a wuri ɗaya, shekara biyu ma a dawo a same shi. Wanda ba ya cikin zauren ma yana iya gani. Hanyar da ta fi ita ce a haɗa su: a rubuta abu a shafi, a tura adireshinsa a zaure.

Abin da za a sa

Makarantun Nijar suna da gata ɗaya a nan, wato kwamitin da kowa ya sani da COGES, wanda daga baya aka mayar da sunansa CGDES. Tsarin ya yi ƙarfi ne da shirin "makaranta don kowa" da hukumar JICA ta Japan ta fara tallafawa a jihar Tawa a 2004, kafin ya game ƙasa. Kwamitin yana haɗa darakta da wakilan malamai da na uwaye maza da mata. Duk shekara yana kiran taron gari, ya tsara ayyukan da za a yi, ya kuma ba da bayanin abin da aka tara da abin da aka kashe. Wannan tsarin aiki da wannan bayanin kuɗi su ne mafi darajar abin da za ku ɗora a shafi. An riga an rubuta su, an riga an karanta su a gaban jama'a, saura kawai a kwafe su da kyau.

Ɓangare huɗu ko biyar sun ishi makarantar firamare ko ƙaramar sakandare. Akwai fuskar shafi, wadda ke faɗin ko wace makaranta ce cikin layi kaɗan. Akwai tarihin makarantar: shekarar da aka buɗe ta, wa ya ba da fili, yadda aka fara da rumfar kara kafin a samu ginin bulo. Wannan ɓangare tsofaffin gari ne za su cika shi, kuma za ku ga yadda suke jin daɗin a tambaye su. Akwai ayyukan kwamiti da lissafinsa, akwai buƙatun makaranta, sai hanyar tuntuɓa. Kada ku buɗe ɓangaren da ba ku da abin zubawa a ciki. Mai karatu in ya taɓa wuri ya ga an rubuta "muna nan tafe" har sau biyu, ba ya sake dawowa.

Ga misalin rubutun fuskar shafi, ku canza shi da alƙalumanku na gaskiya: "Barka da zuwa. Wannan makarantar firamare ce a ƙaramar hukumar Sanam, gundumar Abala, jihar Tillaberi. Muna da aji shida, daga CI zuwa CM2. Huɗu na bulo ne, biyu na zana, waɗanda muke sake ɗaurawa duk bayan girbi. Bana babbar buƙatarmu ita ce tebura da gyaran rijiya." Ku lura babu kirari, babu doguwar gaisuwa ga manya. Wanda ya karanta layi biyar ɗin nan ya san inda kuke da abin da ke damunku.

Buƙata kuma a rubuta ta da adadi. "Muna neman taimako" ba ya motsa kowa. "Ɗaliban aji biyu suna zama a ƙasa, muna buƙatar tebur 40, kafinta a Filinge ya yi mana kuɗin kowane ɗaya kaza" yana sa mutum ya lissafa ko zai iya ɗaukar biyu.

Abin da ba za a sa ba

A nan ne darasinmu ya bambanta da wanda za a koyar a Yamai ko Maraɗi, kuma ina roƙon ku karanta wannan sashe sau biyu. Gundumar Abala, wadda aka cire daga Filinge a 2011, ta shiga cikin dokar ta-ɓaci a 2017. Ranar 25 ga Disamba 2019 an yi wa jami'an tsaro kwanton ɓauna a yankin Sanam suna rakiyar ma'aikatan rajistar zaɓe, aka kashe 14. A 2023 makarantun da rashin tsaro ya rufe a jihar Tillaberi sun kai wajen 900, kuma a wurare da dama malaman boko ne ake fara yi wa barazana. Nijar ce tare da ƙasar Norwe suka jagoranci ƙuduri mai lamba 2601 a Kwamitin Tsaro na Majalisar Ɗinkin Duniya a watan Oktoba 2021, wanda ya yi kira a kare makarantu a lokacin yaƙi. Ƙudurin yana takarda, ku ne kuke garin.

Shafin intanet ba ya tantance mai kallo. Abin da ɗanku na Abijan zai gani, shi ne mai mugun nufi zai gani. Don haka sunayen malamai, da hotunansu, da lambobin wayarsu, da gidan da suke kwana, da ranar da suke tafiya karɓar albashi, duk ba su da wuri a shafi. Haka ranar da sufeto ko magajin gari zai kawo ziyara, da ranar da motar abincin makaranta za ta iso. Irin wannan labari ana ba da shi ne bayan ya wuce, in ma ya zama dole, kuma ba sai an faɗi hanyar da aka biyo ba. Kada a sa taswirar da ke nuna makarantar. Kada a ɗauki hoton da soja ko shingen jami'an tsaro ya fito a bayansa. Akwai kuma wani abu da mutane da yawa ba su sani ba: babbar waya tana iya ɓoye ainihin wurin da aka ɗauki hoto cikin hoton kansa. Kafin a ɗauki hoton makaranta, a shiga saitin kyamara a kashe alamar wuri.

Sunayen waɗanda suka ba da taimako ma a yi hattara da su. Rubuta cewa wane ya aiko da jika ɗari biyar yana iya jawo wa iyalinsa na gida idon da ba su nema ba. A rubuta jimillar abin da aka samu, a yi godiya ga "ƴan garinmu mazauna Kwatano", mai kyauta kuma a kira shi a waya a gode masa.

Sai batun yara. Nijar tana da dokar kare bayanan mutane tun 2017, da hukumar da ke kula da ita mai suna HAPDP. Suna, da hoto, da makin jarrabawa, duk bayanan mutum ne, ba a baza su sai da yardarsa, yaro kuwa da yardar uwayensa. Ko babu doka, mun san halin garuruwanmu. Yarinyar da aka liƙa sunanta a intanet cewa ta faɗi jarrabawar BEPC, wannan na iya zama dalilin da za a cire ta daga makaranta a yi mata aure. A rubuta cewa ɗalibai kaza suka zauna, kaza suka ci, ya wadatar. Idan ana son hoto, a ɗauki aji daga baya, ko hannu yana rubutu a ƙaramin allo, ko lambun makaranta, ko ginin da aka gama. Waɗannan suna nuna aiki ba tare da sun nuna fuska ba.

Kada kuma shafin ya zama wurin faɗa da hukuma ko da wani mutum. Dokar laifukan intanet ta 2019, wadda aka ƙara tsananta a 2024, ta tanadi ɗauri ga ɓata suna ta hanyar intanet, darakta kuma ma'aikacin gwamnati ne da ke da na gaba da shi. Kafin a buɗe shafi da sunan makarantar gwamnati, a rubuta wa ofishin sufeton ilimi a nemi yardarsa, a sanar da magajin gari da mai gari.

Bayan an auna duk wannan, wani kwamiti zai iya yanke cewa a halin da ƙauyensa yake ciki, gara kada sunan makarantar ya fito a intanet sam. Wannan shawara ce ta hankali, kuma wanda ya yanke ta ya fahimci darasin nan sarai. Irin wannan makaranta ta tsaya ga rufaffen zaure na mutanen da aka sani, ta ajiye tsarin shafinta a takarda har Allah ya kawo sauƙi.

Da wane harshe

Ku rubuta da harshen da masu karatunku na sama suke ji. Ga ƴan ci-rani Hausa ce. Tun watan Maris 2025 kundin da ƙasa ke tafiya a kansa ya sa Hausa ta zama harshen ƙasa, Faransanci da Turanci kuma harsunan aiki, don haka babu wata kunya a shafin makaranta ya fito da Hausa. Ƙungiyoyi da ofisoshi suna aiki da Faransanci, sai a ƙara musu taƙaitaccen bayani a ƙasan na Hausar. Inda makaranta take da ƴaƴan Zabarmawa ko Buzaye ko Fulani da yawa, a sa musu saƙon murya da harshensu. Muryar minti ɗaya ba ta cin mega ɗaya, kuma tana isa ga wanda bai iya karatu ba.

Haruffan nan masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, ana samunsu a wayoyin Android idan aka ƙara Hausa a madannin rubutu. A yi amfani da su cikin rubutun shafi. Amma kada a sa su cikin adireshi, domin wanda wayarsa ba ta da su ba zai iya rubuta shi ba. Adireshi ya zama gajere, wanda za a iya faɗa a waya sau ɗaya a kama.

Nauyi

Duk abin da mai karatu ya buɗe, megansa yake ci. Rubutun da ya cika takarda guda bai kai kilobait goma ba. Hoto ɗaya na babbar waya kuwa yakan kai mega 3 ko fiye, mega ɗaya kuma kilobait wajen 1,000 ne. Ku lissafa: hoto 10 a fuskar shafi mega 30 ke nan. A inda rezo ke zuwa yana ɗaukewa, mutum zai tsaya a rana yana kallon waya tana juyi har ya gaji ya rufe, ga megansa ta tafi. Idan aka rage kowane hoto zuwa kilobait 150, duka goman mega ɗaya da rabi ne, kuma a fuskar waya ba za a ga bambanci ba. Akwai manhajojin rage hoto na kyauta, tura hoto ta WhatsApp ma yana rage shi. Bidiyo kuwa a bar shi. Hoto ɗaya a fuskar shafi, biyu ko uku a sauran ɓangarori, baƙin rubutu manya a kan farin fili, shi ke nan.

Inda za a gina shi, da nawa

Ga mai farawa, hanyoyin kyauta sun isa. Google Sites yana da sauƙi ƙwarai, sai dai gyara shi yana son kwamfuta. Blogger da WordPress suna da manhajar da ake rubutu da ita daga waya, abin da ya fi dacewa da makarantar da ba ta da wutar lantarki. WordPress, wanda aka fara a 2003, a kansa aka gina fiye da kashi 40 cikin 100 na shafukan duniya, don haka ba a rasa wanda ya iya shi a Filinge ko Dogon Dutsi ko Yamai. Aibin na kyauta shi ne adireshin yana da tsawo, yana ɗauke da sunan kamfanin, wani lokaci kuma a liƙa talla a gefe.

Adireshi na kanku mai .com yana cin dalar Amurka 10 zuwa 15 a shekara, wato wajen jika shida zuwa jika tara, masaukin biya kuma kuɗinsa daban. Shawarata ita ce shekarar farko a yi na kyauta. Idan shekara ta zagayo shafin yana raye, ana sabunta shi, sai a kai maganar sayen adireshi gaban taron gari a sa ta cikin tsarin ayyukan kwamiti, tare da kuɗin megar mai kula da shafi. Kuɗin da ke fita daga aljihun malami ɗaya duk wata ba ya ɗorewa, ballantana malamin kwantaragi da albashinsa ke makara.

Idan za a sa hanyar aiko da kuɗi, ta zama ta kwamiti, wadda shugaba da ma'aji suka sani, kuma kowane shiga da fita ya hau littafi. A rubuta ƙarara a shafi cewa makaranta ba ta kiran kowa a waya ta ce ya tura kuɗi wata lamba daban. Ƴan damfara suna bin irin waɗannan shafuka.

Mabuɗi a hannun wa

Abin da ya fi faruwa shi ne wannan. Wani matashin malami mai himma ya buɗe shafi da imel ɗinsa da layin wayarsa. Shafi ya yi kyau, kowa ya yaba. Da hutun damina ya ƙare aka canza masa wurin aiki, ko wayar ta ɓace, ko layin ya mutu don an daɗe ba a sa masa kuɗi ba. Daga ranar babu mai iya shiga ya gyara ko da harafi ɗaya. Shafin yana nan yana faɗa wa duniya tsohon labari, ba a ma iya share shi.

Maganinsa tun farko ne. A buɗe imel da sunan makaranta, a haɗa shi da layin da kwamiti ya mallaka, a riƙa sa masa ɗan kuɗi don kada kamfani ya karɓe shi. Kalmar sirri ta zama doguwa, kalmomi huɗu ko biyar da ba su da alaƙa da juna, ba sunan garin ko shekarar haihuwa ba. A rubuta ta a takarda biyu a rufe cikin ambulan, ɗaya wajen darakta, ɗaya wajen shugaban kwamiti. Shugaban kwamiti ɗan gari ne, ba a yi masa canjin wurin aiki. Duk lokacin da mai kula da shafi ya bar makaranta, a canza kalmar a ranar, ko da an rabu lafiya lau. Kuma duk abin da aka ɗora, a bar kwafinsa a littafi ko a katin ajiya.

A fayyace kuma wa ke rubutawa da wa ke dubawa. Mutum ɗaya ya rubuta, darakta da wakili ɗaya na uwaye su ji abin da aka rubuta kafin ya hau. Kada ku ɗaukar wa kanku alkawarin sabuntawa duk mako. Sau huɗu a shekara ya isa in an cika shi: da buɗe makaranta a watan Oktoba, bayan taron gari, tsakiyar shekara, da bayan jarrabawa. Kowane rubutu a sa masa kwanan wata.

Aikin wannan mako

Ku kasu rukuni-rukuni, kowane rukuni ya ɗauki makaranta ɗaya da ya sani. Ku samu takarda biyar, ku naɗe kowace ta koma tsawon waya da faɗinta, domin a waya za a karanta shafin, kuma ƙanƙantar takardar za ta hana ku yawan magana. Ta farko ita ce fuskar shafi: sunan makaranta a sama, layi biyar na bayani, akwati ɗaya inda hoto zai zauna tare da bayanin abin da hoton zai nuna, sai sunayen sauran ɓangarori a ƙasa. Sauran huɗun kowace ɓangare ɗaya.

A wata takarda daban ku ja layi a tsakiya. A dama ku rubuta abin da za a sa, a hagu abin da ba za a sa ba tare da dalilin kowanne. Idan rukuni ya rabu a kan wani abu, ya tafi hagu har sai an kai shi gaban kwamiti.

Daga nan ku kai takardun nan biyar wa mutum biyu da ba su cikin ajinmu, ɗaya mai karatu, ɗaya wanda za a karanta masa. Ku tambayi mai karatun ya nemo muku abin da aka kashe bara da kuma hanyar da zai tuntuɓi makaranta, ku yi shiru ku ga takardar da hannunsa zai fara kaiwa. Inda ya yi jinkiri ku sa alama, nan ne za a gyara. Wanda aka karanta wa kuma ku tambaye shi abu ɗaya: akwai abin da ya ji wanda ba zai so baƙon da bai sani ba ya ji? Ku rubuta amsarsa yadda ya faɗe ta, ku zo da ita tare da takardunku a darasi na gaba, inda za mu buɗe imel ɗin makaranta mu ɗora fuskar shafi.